Ƙidayar ƙwan kwaɗi da salamanda a wani tafkin kurmi a kudancin Maine: nazarin lamari

Tafkin da wannan nazari ya shafa yana cikin wani kurmi mallakar wani magidanci a kudancin jihar Maine, a arewa maso gabashin Amurka. Wanda ya ratsa wurin a watan Agusta ba zai ga ko ɗigon ruwa ba, sai wani kwari mara zurfi da baƙin ganye ya lulluɓe, da tabon da ruwa ya bari a gindin bishiyoyi. Ruwan da yake samu na dusar ƙanƙarar da ta narke ne, haɗe da ruwan saman ƙarshen hunturu, don haka yakan cika a watan Maris ko farkon Afrilu, ya ƙafe idan zafi ya tsananta. Babu rafin da ke shiga cikinsa ko fita daga cikinsa dindindin, saboda haka kifi ba ya zama a ciki, kuma rashin kifin nan shi ne tushen darajarsa, domin akwai kwaɗi da dangoginsu, irin su salamanda, waɗanda ƙwansu da 'ya'yansu ba sa tsira a ruwan da kifi yake.

Abin da ya kai mu wurin shi ne mai filin yana son ya gina gida a kan tudun da ke kusa, ya kuma fitar da hanyar mota da za ta bi ta gefen kwarin. Kafin ya kashe kuɗi a kan zane, yana bukatar ya san matsayin tafkin a idon doka. Ni mai taimako ne a aikin. Wadda ta jagorance shi masaniyar halittu ce da ta shekara da shekaru tana shiga irin waɗannan tafkuna, kuma a nan zan riƙa kiranta malamar.

Abin da doka take nema

Tun daga ranar 1 ga Satumba, 2007, jihar Maine ta sanya wasu daga cikin waɗannan tafkuna masu ƙafewa a ƙarƙashin Dokar Kare Albarkatun Ƙasa, a matsayin muhimmin mazaunin namun daji. Ba kowane tafki ne ke samun wannan matsayi ba. Dole ne ya zama na asali, ba kududdufin da mutum ya haƙa ba, kuma dole ne a tabbatar da ɗaya daga cikin abubuwa kaɗan: ko curin ƙwan kwaɗon kurmi 40 zuwa sama, ko curin ƙwan salamanda mai ɗigon rawaya 20 zuwa sama, ko na salamanda mai ɗigon shuɗi 10 zuwa sama, ko kasancewar wani ɗan ƙaramin jatan lande da ba ya rayuwa sai a irin wannan ruwa, ko kuma shaidar cewa wata dabba da ke cikin jerin masu fuskantar ɓacewa tana dogaro da wurin. Idan tafki ya cika ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan, kariyar ba a ruwan kaɗai take tsayawa ba, tana haɗawa da ƙasar da ke kewaye da shi har ƙafa 250, wato kimanin mita 76, inda ake bukatar a bar aƙalla kashi 75 cikin ɗari na kurmin a haɗe, da inuwarsa da ganyen da ya zube a ƙasa. Mai bincike yakan cike takarda ya miƙa wa ma'aikatar jihar mai kula da kifayen cikin ƙasa da namun daji, ita kuma ta duba ta ba Ma'aikatar Kare Muhalli shawara, sannan a sanar da mai fili.

Ke nan makomar hanyar motar ta rataya a kan ƙidaya, ƙidayar kuma ta rataya a kan ranar da aka yi ta. Ƙa'idar jihar ta ba da lokutan da suka fi dacewa: a kudancin Maine, daga 10 zuwa 25 ga Afrilu don kwaɗon kurmi, daga 20 ga Afrilu zuwa 10 ga Mayu don salamanda. A tsakiyar jihar da arewacinta lokutan sukan ja baya da makonni. Amma dabbobin ba kalanda suke bi ba, yanayi suke bi, kuma shekarar da ƙanƙara ta narke da wuri komai yakan zo da wuri.

Masu zuwa tafkin

Kwaɗon kurmi, wanda masana ke kira Lithobates sylvaticus, ɗan ƙarami ne mai launin busasshen ganye, da baƙin tabo da ya ratsa idonsa kamar an shafa masa kwalli da yawa. Yana yin hunturu a ƙarƙashin ganyen da ya zube, ba da zurfi ba, kuma a can yake daskarewa: hantarsa tana zuba sukari mai yawa cikin jini don ya kare ƙwayoyin jiki, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ya zama ƙanƙara, zuciya ta daina bugawa, numfashi ya tsaya, sai ɗumi ya dawo ya narke ya tashi. Wannan baiwa ce ta kai jinsinsa har arewacin Alaska, ita ce kuma ta sa yake riga sauran kwaɗi isa ruwa, wani lokaci tun ƙanƙara tana gefen tafki. Barbararsa ta gaggawa ce, cikin mako ɗaya ko biyu an gama an watse. Kukan mazan ya fi kama da na agwagi fiye da na kwaɗo, kuma ba ya tafiya da nisa.

Salamanda kuwa, ga wanda bai taɓa ganinta ba, siffarta ta ƙadangare ce, amma fatarta mai laushi ce mai danshi, babu ɓawo, kuma 'yar'uwar kwaɗo ce, ba ta ƙadangare ba. Mai ɗigon rawaya, Ambystoma maculatum, takan kai tsawon tafin hannun babba ko ta ɗan wuce, baƙa ce da layi biyu na ɗigo masu ruwan ƙwai. Kusan duk shekara a ƙarƙashin ƙasa take, a ramukan ƙananan dabbobi irin su ɓeraye, tana iya rayuwa shekara ashirin, kuma galibi takan koma tafki ɗaya shekara bayan shekara.

Daren farko da ziyarar farko

Mun fara zuwa wurin da dare, ba don ƙidaya ba, sai don mu san ranar da za mu fara lissafi daga gare ta. A yankin ana kiran daren farko da aka yi ruwan sama mai ɗumi bayan ƙasa ta narke Babban Dare, lokacin da ma'aunin zafi ya haura kimanin digiri 4 ko 5 na Salshiyas, dabbobin suka fito gaba ɗaya suka nufi ruwa. Tun kafin mu ga tafkin muka ji kukan, kuma da muka matso da fitila sai ya ɗauke ɗif, bai dawo ba sai da muka tsaya cik na wasu mintoci. A ƙasan ruwa, kusa da gaɓa, malamar ta haska mini wasu fararen ɗigo a kan ganye, kamar an watsa ɓarɓashin burodi. Waɗannan ƙunshin maniyyi ne da mazan salamanda ke ajiyewa, mace ta zo ta ɗauka da al'aurarta, daga baya, bayan kwanaki, ta saka ƙwai. Ganinsu ya tabbatar mana cewa salamanda sun iso, amma ba a ƙirga su a takarda a matsayin curin ƙwai.

Ziyarar ƙidaya ta farko an tsara ta ne bayan kukan ya lafa da 'yan kwanaki, sai dai ruwan sama da iska suka ɗage ta sau biyu, domin ba a ganin ƙasan ruwa idan iska na kaɗa samansa ko gari ya yi duhu. Da muka samu rana mai haske, kusan mako biyu sun wuce daga Babban Dare, kuma wannan jinkiri ya jawo mana matsalar da za ta zo a gaba. Mun shiga da dogayen takalman roba masu kaiwa ƙirji, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, da ma'aunin zafi, da sandar awon zurfi, da farin faranti na roba da ake zurawa a ƙarƙashin curi don a ɗauki hotonsa ba tare da an cire shi daga reshensa ba.

Kuskuren farko nawa ne. Na shiga da sauri ta gefen da laka ta fi laushi, na tayar da ruɓaɓɓen ganye, ruwan da yake garai-garai ya koma kamar shayi mai kauri a faɗin taku da yawa. Malamar ba ta ce komai ba sai, "Fito ta inda ka shiga, mu jira." Mun jira fiye da rabin sa'a kafin ya kwanta. Ba ɓata lokaci kaɗai ba ne illar wannan, domin lakar da ta tashi takan sauka a kan ƙwan. Daga nan ta nuna mini yadda ake yi: a zagaya gaɓa tukuna daga waje, a lura da inda rassa da ciyayi suka nutse, sannan a shiga a hankali, a ɗaga ƙafa a ajiye ba a ja ta ba, kowa ya yi tasa ƙidayar shi kaɗai kada ya faɗa wa ɗan'uwansa sai an fito.

Ƙwan kwaɗon kurmi ba shi da wuyar samu, wuyarsa ƙidaya. Kowace mace curi ɗaya take sakawa, mai ƙwai daga ɗaruruwa zuwa sama da dubu, shi ya sa yawan curi yake nuna yawan matan da suka hayayyafa a wannan shekara. Sai dai matan sukan taru su saka a wuri ɗaya, galibi a gefen da rana ta fi samu, curi a jikin curi, wani a kan wani, har su zama shimfiɗa guda, kuma wannan cunkoso yana sa tsakiyar tarin ya fi ruwan da ke kewaye ɗumi, ƙwan ya yi saurin ƙyanƙyashewa. Sabon curi kamar dunƙulen hannu yake, a matse, kowanne da iyakarsa, samansa gurɗa-gurɗa kamar nonon inabi domin ba shi da rufin waje. Bayan kwanaki yakan sha ruwa ya kumbura, ya saki, ya narke cikin maƙwabcinsa, gansakuka kuma ta mai da shi kore. Abin da muka tarar ke nan a gefen arewa na tafkin, a jikin rassan wata 'yar bishiya da ta faɗi: shimfiɗa mai kumfa-kumfa wadda gefenta ya fara sakin ƙananan talibambam baƙaƙe.

A irin wannan hali ido kaɗai ba ya isa. Malamar ta zura hannu a ƙarƙashin tarin, cikin ruwan da sanyinsa ke sa yatsu su mutu cikin minti biyu, tana lalubar kowane dunƙule daga ƙasa, domin akwai sahu na biyu da ba a gani daga sama. Da muka fito muka gwada, tawa ƙidayar ba ta kai 30 ba, tata ta haura 30 da 'yan kai. Bambancin ya fito ne daga sahun ƙasa da na tsallake. Amma ko tata ba ta kai 40 ba, kuma ita da kanta ta rubuta a gefen takarda cewa an yi ƙidayar a makare, wasu curin sun riga sun haɗe, don haka adadin mafi ƙaranci ne, ba cikakke ba. Na salamanda kuwa, a wannan rana 'yan kaɗan muka gani, ba su kai rabin abin da ake nema ba. Mun ja 'yar koma a hankali a wuraren da rana ta haska don neman jatan landen nan mai iyo a rigingine, ba mu samu ba.

Da an rufe binciken a wannan rana, da an rubuta cewa tafkin bai cika sharaɗi ba, kuma babu wanda zai ce an yi ƙarya. Mai filin ma, da ya ji sakamakon, ya tambaya ko akwai bukatar a sake dawowa tunda kowace ziyara kuɗi ce. Tambayarsa tana kan hanya. Amsar ita ce salamanda ba ta gaggawa irin ta kwaɗon kurmi. Takan zo rukuni-rukuni a dararen ruwa daban-daban, ta ɗauki makonni tana saka ƙwai, kuma ranar da ta dace da ƙidayar kwaɗo ta yi wa salamanda wuri.

Tsabtace kaya

Kafin mu bar wurin mun goge laka daga takalma da koma da faranti, muka jiƙa su da ruwan bilic da aka tsarma, nesa da tafkin, muka ɗauraye. Dalili shi ne cututtuka biyu da ke bin kayan masu bincike daga ruwa zuwa ruwa: naman gwarin kitirid da ya hallaka kwaɗi a nahiyoyi da yawa, da ƙwayar cutar ranabairos. A Brunswick, a nan kudancin Maine, masanin halittu Nathaniel Wheelwright na Kwalejin Bowdoin ya ba da rahoton yadda talibambam na kwaɗon kurmi fiye da 200,000 suka mutu a wani tafki cikin ƙasa da kwana ɗaya a watan Yunin 2013, kuma ranabairos aka fi zargi.

Ziyara ta biyu

Mun koma a makon farko na Mayu. Ruwan ya ɗan ja baya, bishiyoyi sun fara toho, shimfiɗar ƙwan kwaɗon ta ɓace, sai ragowar kore mai yauƙi da garken talibambam da ke motsi tare a wuri mara zurfi. A wannan karon ba a gaɓa aikin yake ba. Salamanda mai ɗigon rawaya ta fi saka ƙwai a ɗan zurfi, a jikin sanduna da suka nutse, a warwatse, kuma curinta yana da rufin waje mai tauri da ke riƙe siffarsa ko an ɗaga shi a tafin hannu, ƙwan a ciki kowanne a cikin kumfarsa, yawanci daga gomomi zuwa ɗari da wani abu. Wasu curin farare ne kamar madara, wasu garai-garai. Fararen daga nesa ake hango su, kamar an rataye auduga a cikin ruwa. Garai-garan ne ke ɓacewa, kuma a nan tabarau ya yi amfaninsa: na cire nawa don in share shi, na duba inda na gama ƙirga curi uku, ban ga komai ba sai hoton rassa da sararin sama.

Tsofaffin curin sun yi kore shar, kuma wannan koren ya cancanci a tsaya a kansa. Gansakuka ce mai suna Oophila amblystomatis, wadda ke shiga cikin kumfar ƙwan, tana samar wa ɗan tayin iskar numfashi da rana, ita kuma tana cin abin da yake fitarwa na ƙazanta. An san wannan zaman tare tun ƙarni na 19, amma a 2011 ne Ryan Kerney da abokan aikinsa suka wallafa cewa gansakukar tana shiga har cikin ƙwayoyin jikin ɗan tayin, abin da ba a taɓa tabbatarwa a wata dabba mai ƙashin baya ba kafin nan. Ga mai ƙidaya kuwa amfanin koren na kusa ne: yana bambance curin da aka saka da wuri da na baya-bayan nan, kuma da muka duba, fiye da rabin abin da muka samu bai yi kore sosai ba, wato an saka shi ne bayan ziyararmu ta farko ko dab da ita.

A wannan rana ƙidayarmu biyu ta zo kusa da juna, kuma dukansu sun haura 20 ba tare da an yi ja-in-ja a kan curi ɗaya ba. Mun ɗauki hotuna a kan farin farantin, muka rubuta zurfi da zafin ruwa da wurin da tafkin yake a taswira. Mun kuma duba ganyen ƙasa da siraran ciyayi don neman ƙwan salamanda mai ɗigon shuɗi, wanda ƙanana ne masu ruwa-ruwa, wani lokaci ƙwai ɗaya-ɗaya, masu sauƙin tsallakewa, ba mu ga abin da za mu iya rantsuwa a kansa ba, don haka ba mu rubuta ba.

Wani abin lura shi ne adadin 20 na salamanda ba mata 20 yake nufi ba, domin mace ɗaya takan raba ƙwanta curi biyu zuwa huɗu. Tafkin da ya kai iyakar doka da ƙyar yana iya zama na mata ƙasa da goma. Hakan kuma yana nufin mutuwar 'yan kaɗan a kan hanyar mota a daren ruwa ba ƙaramar asara ba ce ga dabbar da take ɗaukar shekaru kafin ta balaga.

Sakamako

An miƙa takarda, aka kuma amince cewa tafkin yana cikin masu muhimmanci, bisa ƙwan salamanda mai ɗigon rawaya. Wannan bai hana mai filin gini ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke yi wa dokar mummunar fahimta. Abin da ya canza shi ne zane: an karkatar da hanyar motar ta bi bayan tudun, aka rage faɗin wurin da za a sare, yadda abin da aka taɓa a cikin kewayen ƙafa 250 bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma ba a taɓa kwarin kansa ba.

A ganina wannan hukunci daidai ne, amma akwai abubuwa biyu da bai kamata ƙidayar ta rufe su ba. Na farko, ƙafa 250 sulhu ne tsakanin masu fili da masu kare muhalli, ba iyakar tafiyar dabbobin ba ce. A jagorar da Aram Calhoun ta Jami'ar Maine da Michael Klemens suka fitar a 2002, sun ba da shawarar a bar ƙafa 100 na farko ba a taɓa ba, a kuma kula da kurmin har ƙafa 750, wato kusan mita 230, domin can ne manyan ke zama wata goma sha ɗaya na shekara, kuma kwaɗon kurmi yakan yi tafiyar ɗaruruwan mitoci zuwa wurare masu danshi idan zafi ya shigo. Na biyu, adadin curi yana hawa yana sauka daga shekara zuwa shekara, kuma wannan tafki ya faɗi a ma'auni ɗaya ya tsallake a ɗaya, a shekara ɗaya, da tazarar makonni kaɗan tsakanin ziyara biyu. Da ranar haske ta zo mana mako ɗaya kafin lokacin da ta zo, mai yiwuwa ƙwan kwaɗon ma ya kai 40. Da mai filin ya ƙi ziyara ta biyu, da hanyar ta bi gefen ruwan.

Na sake komawa ni kaɗai a farkon Yuli, da izinin mai filin, bayan an gama da takarda. Ruwan ya tattare a tsakiyar kwarin, bai wuce idon sawu ba. A kan ganyen da ke gaɓa, ƙananan kwaɗi masu girman farcen babban yatsa suna ta tsalle suna shiga kurmi, wasu da guntun wutsiya, don haka sai da na riƙa duba inda zan sa ƙafa. 'Ya'yan salamanda kuwa suna nan a cikin ragowar ruwan, da sassan numfashinsu masu kama da gashin tsuntsu a gefen wuya, domin sun fi kwaɗon jinkiri, kuma galibi sai ƙarshen Yuli ko Agusta suke iya barin ruwa. Can ta bayan tudun ana hango jajayen ƙyallen da masu awo suka ɗaure a jikin bishiyoyi, a kan sabon layin hanyar.